Harshen Ghali Tankari a Gidan Giya

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a Guangzhou ya ci tuwo a gidajen abincinmu na kusa da tashar jirgin ƙasa, to ya ji labarin harshen Ghali Tankari, kuma daga bakin Ghalin ya ji shi. Ba sai ka tambaya ba. Da ka kai loma baki zai jawo kujera ya sanar da kai cewa daddawar miyar nan ta Bichi ce, kuma matar da ta daka ta bahaguwa ce. Ya taɓa kurɓar shayi ya ajiye, ya ce ruwan ya kwana a shuɗin bokiti. Babu wanda ya je duba bokitin, shi ya sa har yau yake lissafa wannan cikin nasarorinsa.

Ni sunana Dogara, mutumin Tafawa Ɓalewa. Jakunkunan mata nake saro wa 'yan kasuwar gida daga garin Shiling. Ɗaki ɗaya muke haya da Ghali, don haka surutun da wasu ke ji sau ɗaya a mako ni da shi nake kwana, da shi nake tashi. Ni Kirista ne, nakan sha giyata jefi-jefi, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shi kuwa Ghali, a faɗi gaskiya, ko ɗigonta bai taɓa shiga bakinsa ba tun da uwarsa ta haife shi.

Sana'a dai babu wadda ta zauna a hannunsa. Ya yi waya, ya yi takalma, ya yi labule, kowace ta gudu ta bar shi da bayani. Ga takardar zamansa ta kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta ta sai wani kamfani ya tsaya maka. In bai samu mai tsaya masa ba kafin ƙarshen wata, sai Kano, hannu rabbana, bayan ya gama gaya wa 'yan unguwarsu cewa Sinawa ba sa buɗe masana'anta sai sun nemi shawararsa.

Ana cikin haka sai Hajiya Awawu ta buƙaci wakili. Hajiya 'yar zangon Kumasi ce, ita ke da kamfanin da yawancinmu ke aika kaya da shi, mace ce marar yawan magana wadda ko dariya sai ta ga dama take yi. Ta ji labarin wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Liwan inda ake dafa giya iri-iri da hannu, wai suna kuma yin wani abin sha na sha'ir wanda babu maye a cikinsa. Tana so ta fara aika shi Kano da Kumasi, amma sai wani ya je ya tabbatar mata. Wanda ta ɗauka wakilin abin sha, kamfaninta zai tsaya masa.

Kafin ta rufe baki Ghali ya riga ya gurfana a ofishinta.

"Hajiya, ai aikin nan don ni aka halicce shi. A jera min kofi goma, a ɗaure min ido, in ware miki halal da haram kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa."

Hajiya ta ce, "Ka taɓa shan giya ne?"

"A'uzu billahi. Ni?"

"To da me za ka gane ta?"

Ghali ya yi mata irin murmushin da ake yi wa yaro. "Harshen mumini ba ya karɓar haram, Hajiya. Da ta taɓa shi zai ji ƙyama. Duk abin da ya yi min daɗi halal ne, ki sa hannu kawai."

Hajiya ta ce ranar Asabar bayan la'asar za ta yi walimar buɗe sabon sitonta, ya kawo samfur a gaban jama'a. Ta ƙara da cewa in bi shi, tunda ina ɗan jin yaren Sinawa.

"Ya zo," in ji Ghali. "Za a buƙaci mai ɗaukar kaya."

Daga ranar ban ƙara samun barci mai daɗi ba. Ya ce wakilcin Hajiya somin-taɓi ne. Zai sa a sassaƙa masa hatimi mai ɗauke da hoton harshe, duk kwalbar da za ta shiga ƙasar Musulmi sai an buga mata. Masu masana'antu za su riƙa layi tun daga bakin titi, ni kuma zai duba ko zai ɗauke ni mai gadi. Ya daina cin yaji don kada ya ɓata kayan aiki. Ya kalli bidiyon wasu Turawa suna sansanar kofi suna lumshe ido, ya koyi lumshe idon.

Ranar Asabar da hantsi ya saka babbar rigarsa mai ruwan ƙwai, ya rataya ƙaramin tawul a kafaɗa, muka nufi Liwan. Gidan yana cikin wani tsohon lungu. Ciki akwai manyan tankuna na ƙarfe suna sheƙi, da famfuna jere a bango, kowanne da irin abin da yake fitarwa. Mai gidan wani matashi ne mai fara'a, Liang, muka gaisa da shi muna kiransa lawban kamar yadda ake kiran kowane mai shago a nan. Na yi masa bayani: abokina Musulmi ne, marar maye muka zo gani.

Lawban ya gane sarai. Ya je famfon ƙarshe, wanda ke can gefe shi kaɗai, ya taro kofi ɗaya ya ajiye a gaban Ghali da hannu biyu.

Ghali ya ɗaga kofin sama yana duba shi a haske. Ya sansana, ya lumshe ido, ya kurɓa. Sai ya tofar a tawul ya ture kofin.

"Giya ce."

Na ce, "Ghali, ita kaɗai ce ba giya ba a gidan nan."

"Ɗaci-ɗaci, salam-salam, kamar ruwan da aka wanke gero. Harshena ya ƙi ta tun kafin ta sauka. Ka ce masa ya daina raina mu, ya kawo na sauran famfunan."

Na fassara. Lawban ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna famfunan, ya nuna Ghali, yana ta cewa meyo, meyo, wato babu, ba naka ba ne.

Wannan meyo ɗin ita ta kashe mu. Duk wanda ya yi saro a kasuwannin Guangzhou ya san abin da mai shago ya fara miƙo maka shi ne kwantai, mai kyan yana ciki, kuma ba zai fito da shi ba sai ya ce maka babu ka ƙi tafiya. Ghali bai iya komai a kasuwa ba sai wannan darasi ɗaya, ya kuwa riƙe shi gam.

"Ka gani ko?" ya ce, yana zungurina da gwiwar hannu. "Ya ajiye wa manyan dillalai. Ni zai yi wa meyo? Ni da na sa wani mai labule ya buɗe sito ranar hutunsu?"

"Cewa yake akwai maye a ciki."

"Haka za su ce. Kai kuma harshenka burkutu ya gama kashe shi tun kana goye, ka yi shiru ka koyi aiki."

Ya miƙe ya kama hanyar ƙofa kamar mai fushi, irin tafiyar da ake yi don mai shago ya kira ka. Lawban ya dube ni. Na sake gaya wa Ghali da Hausa, na maimaita da Turanci ko Allah zai sa ya fi jin tsoron wannan. Ya ce hassada ce ke cin raina. To, ni ba ubansa ba ne. Lawban ya ɗaga kafaɗa ya jero masa ƙananan kofuna a kan wani dogon katako, daga fara tas har zuwa baƙa wuluk.

Ta farko ta alkama ce, fara mai hazo-hazo, tana ƙamshin ayaba. Ghali ya shanye ya lashe leɓe.

"Kunun zaƙi ne da ya je makaranta. Halal."

Ta biyu an dafa ta da lici, wani ɗan itacen nan mai zaƙi, tana da ɗan tsami.

"Tsamiya da zuma. Wannan ko mai jego a ba ta. Halal."

Ta uku irin mai ɗacin nan ce da ake cika wa wani fure, ɗacinta har ƙeya. Na ce yau dai harshen mumini zai yi aikinsa. Ghali ya yamutsa fuska, sannan ya ɗaga yatsa.

"Ɗaci iri biyu ne. Akwai na haram, akwai na magani. Wannan na maɗaci ne, yana kashe shawara. Halal, har da lada."

Turawan bidiyon kurɓa ɗaya suke yi su wuce. Ghali ya ce ragwaye ne, gaskiyar abin sha tana ƙasan kofi, don haka kowanne sai ya ga gindinsa. Su kuma mutanen nan a al'adarsu abin kunya ne kofin baƙo ya zauna wayam. Da ya ajiye sai lawban ya cika, da ya cika sai Ghali ya ce bari ya sake tabbatarwa. Haka suka yi ta yi, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya ƙi tsayawa.

Kafin a kai ga baƙar, hular Ghali ta koma kan kunne ɗaya. Baƙar nan kuwa ita ce uwarsu, mai kauri, tana ƙamshin gahawa da ƙanzo, a ganga ake tsuma ta wata da watanni. Ni da na saba ma rabin kofi nake sha in nemi wurin zama. Ghali ya kurɓa, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Dogara, ka ga malt na gaskiya. Duk wanda muke sha a gida ƙanensa ne." Ya dafa ƙirji. "Har wata natsuwa nake ji tana sauko min. Haram ba ta kawo natsuwa."

Ya sa aka cika masa jarkoki biyu daga famfon, babu takarda babu rubutu a jikinsu. Ya rungume lawban ya kira shi ɗan'uwa, ya yi masa alkawarin kujerar Makka. A bakin ƙofa ya yi wa wani tanki sallama.

Na ce mu hau tasi. Ya ce babban wakili ba ya ɓarnar dukiyar kamfani, jirgin ƙarƙashin ƙasa za mu shiga. A ƙofar tashar kuwa akwai masu binciken kaya, kuma in ka zo da ruwa a jarka sukan ce ka kurɓa a gabansu don su tabbatar ba abin cutarwa ba ne. Wata ma'aikaciya ta nuna jarka ta nuna bakinta. Kurɓa ɗaya ake nufi. Ghali ya ɗauka labarinsa ne ya iso har nan.

"Ka gani? Gwamnati ma ta san ni."

Ya kafa kai ya yi ta kwankwaɗa har sai da matar ta ce ya isa. Ya ce adalci shi ne a duba ta biyun ma, ya buɗe ta ya yi mata irin wadda ya yi wa 'yar'uwarta. Sannan ya tsaya yana yi wa ma'aikaciyar bayanin sakamakon da Hausa, layi ya taru a bayanmu har kan matakala.

A cikin jirgi ya ba wani tsoho wurin zamansa, alhali shi ma a tsaye yake. Ya ce direban ba ya riƙe sitiyari da kyau. Da muka fito titin Guangyuan, inda manyan kantunan tufafi suke, ya gaida wani mutum-mutumin da aka sa wa kwat a bakin shago, ya ji haushi da bai amsa ba, ya ce 'yan Legas duk haka suke. Ni ina biye da jarkoki biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mun tarar sito ya cika. An shimfiɗa tabarmi tsakanin kwalaye, an jera manyan farantan shinkafa da wake irin na mutanen Gana, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan zango duk an hallara. Malam Sharif, dattijon da ke jan mu'amalar jama'a da sallarsu, ya gama addu'a ke nan. Na yi sauri na riga Ghali isa wurin Hajiya, na raɗa mata abin da ke cikin jarka.

Ghali ya hango ni. "Hajiya, kada ki saurare shi. Tun safe yake min zagon ƙasa. Kujerata yake so."

Hajiya ta dube shi daga karkatacciyar hula har zuwa takalmin da ya saura ƙafa ɗaya. Ta ce, "A zuba wa kowa. Kada wanda ya sha sai na ce."

Aka rarraba kofuna. Ƙamshin ya tashi. Ina tsaye ina kallon fuskoki, kuma wallahi na ga abin da ban taɓa gani ba. Hancin Alhaji Rauf, babban dillalin atamfa, ya motsa, ya yi maza ya kau da kai. Wani ɗan Maraɗi ya ajiye kofinsa a bayan kwali a hankali. Mutum wajen goma sun gane abin nan tun daga warinsa, amma kowa ya ƙura wa silin ido.

Ghali ya hau kan wani kwali yana tangaɗi. "Jama'a, ga malt na halal, harshena ya tantance. Dogara ya ce giya ce. To ni ina da tambaya. Duk Musulmin da ya san warin giya a wurin nan, ya san ɗanɗanonta, ya miƙe ya ƙaryata ni. Ya gaya mana a inda ya san ta."

Tsit kake ji. Alhaji Rauf ya shiga jan carbi da sauri kamar ana biyansa.

"Alhaji Rauf, kai babba ne. Me ka ji?"

"Ni mura nake yi," in ji Alhaji.

"Kun gani? Babu mai ja." Ya ɗaga kofinsa. "Bari in buɗe muku hanya."

Ya shanye, ya karɓi na kusa da shi ya shanye. Ya buɗe baki zai yi jawabin kama aiki, sai kuka ya ƙwace masa. Ya ce yana ƙaunar kowa a wurin nan. Ya ce Malam Sharif ya yi kama da kakarsa. Ya sauko zai rungume Malam, ƙafarsa ta harɗe da babbar riga, ya tafi gaba ɗaya ya zauna daram a cikin farantin shinkafa, ƙafarsa kuma ta haure jarkar da ke buɗe. Baƙin ruwa ya malala yana kumfa, ya bi ƙarƙashin tabarmi, dattawa suna tsalle suna tattare riguna.

Daidai nan wani Basine mai turo kaya a amalanke ya leƙo ta ƙofa. Ya shaƙi iska, fuskarsa ta washe. Ya ɗaga babban yatsa, ya faɗi sunan giya da yarensu, sunan da duk wanda ya yi mako a garin nan ya sani, ya ƙara da Turancinsa cewa mai kyau ce, mai tsada. Har ya miƙo hannu ko za a sam masa.

Sai a lokacin kowa ya samu baki. Salati ya tashi ta ko'ina, kuma waɗanda suka fi ɗaga murya su ne masu kallon silin ɗazu. Alhaji Rauf ya warke daga mura nan take, ya ce shi dama tun farko jikinsa bai ba shi ba.

Aka ciro Ghali daga faranti, aka kwara masa ruwan sanyi, aka ɗura masa shayi mai kauri. Babu wanda ya tafi gida, wa zai bar wannan? Da idonsa ya ɗan washe aka zaunar da shi a gaban Malam Sharif, shinkafa manne a bayan rigarsa.

Malam ya ce, "Ghali, magana biyu ce. In ba ka san giya ba ce ka sha, babu laifi a kanka, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Sai dai ka faɗa da bakinka a gaban jama'a cewa harshenka bai gane komai ba."

Hajiya ta karɓa. "In ka faɗi haka, wakilci dai babu, amma ina neman mai lissafa kwalaye a sito. Kamfani zai tsaya maka, ka zauna ka ci abincinka."

"In kuwa ka gane ta," in ji Malam, "to da gangan ka sha, da gangan ka zuba wa Musulmi. Wannan a littafi hukuncinsa bulala ne, kuma babu mai tsaya maka a garin nan."

Ni da nake jin haushinsa tun safe, sai da tausayinsa ya kama ni. Ga ƙofa an buɗe masa har da shimfiɗa. Kalma huɗu ce ko biyar, yaro ma zai faɗe ta. Na matsa kusa na ce, "Faɗi mana, Ghali. Ka ce ban sani ba."

Ya dube ni, ya dubi jama'a. Ya goge fuska da tawul ɗin aikinsa.

Can ya gyara hula ya ce, "Malam, ita bulalar, guda nawa ce?"

Malam Sharif ya ce, "Tamanin."

Hajiya Awawu ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. Ta ce da ni, "Dogara, gobe ka raka shi ya yanki tikitin Kano. Na tafiya kawai."

Ghali bai ko ji ta ba. Ya matsa kusa da Malam, ya sassauta murya irin ta mai ciniki a bakin shago.

"Haba Malam, ni fa na gida ne. A bar min a sittin."